Bakin Huda Da Ya Ƙone Min A Kan Sukuru Ɗaya

In ka taɓa haɗuwa da sukurun da kansa ya cinye, sukurudireba na juyawa a banza, to ka san irin zufar da na yi kwanaki. Wata baiwar Allah ce ta kawo waya ba ta caji, ta ce hotunan marigayi mahaifinta duk suna ciki. Sukuru ɗaya ya hana ni ɗaga murfin da ke kan fanel. Na ɗauko ƙaramin injin huda, na sa baki mai araha da aka rubuta HSS a ledarsa. Kafin minti ɗaya bakin ya yi shuɗi, ya dakushe, ya zame ya karci fanel. Allah Ya taimaka bai yanke layi ba, amma hannuna har rawa yake.

Daren nan na zauna bincike, ga abin da na fahimta.

HSS ƙarfe ne da ke riƙe taurinsa ko zafi ya kai wajen digiri 600. Taylor da White ne suka fito da shi a Amurka, aka nuna shi a baje kolin Faris na 1900. Sirrinsa kabayid ne. Ba fa kabayid ɗin masu walda ko na nunar da ayaba ba. Wasu ƙananan ƙwayoyi ne masu tsananin tauri da ke samuwa in kabon ya haɗu da tangistin, molibdenam da banadiyam. Ɗauke shi kamar kankare: kabayid ne tsakuwar, sauran ƙarfen siminti. Samfurin M2 da ya fi yawa yana da tangistin kusan kashi 6 cikin ɗari, molibdenam 5, kuromiyam 4, banadiyam 2. M42 kuwa an ƙara masa kobalt kashi 8, shi ya sa yake tsada.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne alminiyam. Ƙarfen tukunya, mai laushi, me zai yi a bakin huda? Ashe a ƙasar Sin, saboda ƙarancin kobalt, sun ƙara wa M2 alminiyam kusan kashi 1, suna ce masa M2Al. Shi ba ya zama tsakuwa. Cikin simintin yake narkewa, ya bar wa su tangistin kabon ɗin. In an gasa ƙarfen yadda ya kamata, ƙananan kabayid su fito sosai, kuma ba sa saurin dunƙulewa in zafi ya hau. Taurinsa sai ya kusanci na mai kobalt da kuɗi kaɗan. Matsalarsa, wajen gashi fatarsa na saurin rasa kabon, kuma wasa shi na da wuya. In masana'anta ta yi ganda, sunan kawai ka saya.

Ni dai a ganina nawa ko M2 ɗin bai kai ba. Amma da laifina: na ba shi gudu da yawa, ga shi sukurun ƙarfe mara tsatsa ƙara tauri yake in ana goga shi ba a yanka.

Washegari na samo baki mai kobalt. Na cire batir, na rufe fanel da tef saboda garin ƙarfe, na ɗiga mai kaɗan, na rage gudu. A hankali kan sukurun ya fita. Ashe wajen cajin ne kawai ya lalace, na canza, ta zo da yamma ta karɓi wayarta.