Doka ta huɗu

Shekara goma sha biyu na yi ina koyarwa ban taɓa tambayar yaro abin da yake so a hana a cikin aji ba. Yadda aka yi mana haka nake yi: ranar komawa lakwal in rubuta dokoki goma da Faransanci, in manna a bango, in ajiye sanda bisa teburi. Yara su maimaita da babbar murya, ni kuwa in ɗauka magana ta ƙare.

A watan Oktoba na 2015 wannan dabara ta gaza. An ba ni aji a wata makaranta da ke gefen garin Difa, rumfar zana, yara tamanin da ƴan kai. Wata takwas ke nan da harin da Boko Haram ta kai Boso da Difa ranar 6 ga Fabrairu. Jihar tana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, an hana hawan babur, yaran nesa da ƙafa suke zuwa. Rabin ajin ƴan gari ne. Sauran sun baro ƙauyukan bakin Kamadugu, wasu ma daga ƙetaren kogi, Damasak da Malam Fatori, waɗanda dokokina na bango ba su fi zanen tabarma ba a idonsu.

Kullum faɗa. Faɗa kan moɗar randa, faɗa kan wurin zama. Idan hayaniya ta yi yawa sai in doka sanda bisa teburi, kamar yadda na saba. Akwai wani yaro da duk lokacin da na yi haka sai ya kwanta rub-da-ciki, ko ya keta zana ya fita da gudu. Aji ya bushe da dariya, ni kuma in rubuta sunansa cikin marasa ji. Mako uku na yi ina hukunta shi. Har yau ina jin kunyar makonnin nan.

Wata safiya na ajiye karatu, na raba su rukuni-rukuni, masu Kanuri, masu Fulfulde, masu Hausa, kowane da tafintansa. Tambaya ɗaya na yi: me ke ɓata muku rai a ajin nan? Da farko shiru. Da bakinsu ya buɗe kuwa, sai na ga yawancin abin da nake kira rashin tarbiyya rashin tsari ne kawai. Ba wanda ya san wa zai fara shan ruwa, shi ya sa mai ƙarfi ke farawa. Mai makara ya san bulala na jiransa, gara ya ƙi zuwa.

Dokoki biyar muka fitar. Shan ruwa layi-layi ne, ana juyawa kowace rana. Wanda ya makara ya shigo a hankali ya zauna bakin ƙofa, ya yi bayani lokacin hutu. Ba a kiran kowa ɗan gudun hijira, da sunansa ake kiransa. Ta huɗu wata yarinya ce ta faɗe ta, idonta a ƙasa: Mushe ya daina dukan teburi, ya ɗaga hannu, mu ma mu ɗaga har a yi shiru. Ta biyar, ba a wasa da cewa "ga su nan".

Kada malami ya zaci duk abin da yara suka kawo ake karɓa. Wajen hukunci sun fi mu tsanani: wasu bulala goma suka nema, wasu durƙuso cikin rana. Na ƙi. Wani dattijon malami ya ce mini yaro ba ya kafa wa babba doka, kuma da sauran gaskiya a maganarsa, domin ni ne na yanke. Abin da ya sauya shi ne kowa ya ji dalilin kowace doka da harshen da ya sha a nono. Mako biyu muka yi muna gwada ɗaga hannu da layin randa, tamkar darasin lissafi.

Faɗa bai ƙare ba, amma ya ragu har na riƙa kai ƙarshen darasi. Yaron nan ya daina gudu. Kafin ƙarshen shekara iyayensa suka koma sansanin Sayam, ban sake ganinsa ba.

Cikin zafin Afrilu wata rana rai ya ɓaci, hannuna ya kai ga sanda, na doka. Aji ya yi tsit. Yarinyar ta miƙe, ta harɗe hannuwa a ƙirji, ta ce: "Mushe, doka ta huɗu." Na ba su haƙuri, na miƙa mata sandar, ta fita da ita ta jingine a jikin zana.