Kotso a Cikin Kwamfuta

A garin Isa ne Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir Amadu kiɗan kotso, har waƙarsa Bakandamiya ta zama abin nazari a makarantu. A wannan yanki, a Burkusuma, wani matashi mai haɗa kiɗa da fiyano da kwamfuta ya yi rashin amininsa, makaɗin kotso. Ya ƙudurta tsara masa kiɗan tunawa, amma fiyano ya kasa faɗin abin da kotso ke faɗi.

Dalili kuwa, Hausa harshe ne mai karin sauti: sama, ƙasa da faɗau. Makaɗi kan matse igiyoyin kotso ko ya sassauta, sai amon ya bi karin magana, mai sauraro ya tsinci kirari. Maɓallin fiyano kuwa murya ɗaya gare shi.

Daga bisani ya nemo tsohon kaset na marigayin, ya juye kiɗan cikin kwamfuta, ya bar kotso ya ja gaba, fiyano yana amshi. Ba don kaset ɗin ba, da hannun amininsa ya bi shi kushewa. Saboda haka ya kamata malamin Hausa ya naɗi makaɗan garinsu tun suna raye.