Wasiƙar da Majalisarmu Ta So Aika wa Majalisarsu

Wannan makon mu aka ba fili, kuma da yake abin ba kan mutum ɗaya ya faru ba, da bakin mu duka za mu yi magana.

Mu shida ne a majalisarmu ta bayan isha'i, benci biyu da tabarma a ƙofar shagon wani tela. A watan Yulin 2022 aka fara turo mana bidiyo ta WhatsApp daga jihar Blue Nile ta Sudan. Gidaje na ci da wuta, mata na gudu da ƙullin kaya a ka, kuma salatin da ake yi da kiran sunayen yara duk da Hausa ne. Rikici ne ya ɓarke tsakanin Hausawan can da wasu ƙabilun yankin, a kan ƙasa da kuma neman da Hausawa suka yi na a ba su sarauta tasu. Cikin 'yan kwanaki an kashe fiye da mutum 100. Dattijon cikinmu, wanda duk muke ce wa Baba, yana da dangi a kusa da Damazin, jikokin waɗanda suka nufi Makka a ƙasa, suka yada zango a bakin kogin, zangon ya zama gida. Kwana uku yana kiran lamba ɗaya, ba ta shiga.

A dare na huɗu autan majalisar ya ce tunda muna kiran kanmu marubuta, mu rubuta wa 'yan majalisar Amurka wasiƙa, ai ana cewa su ne masu kare haƙƙin ɗan'adam. Telan ko ɗago kai bai yi daga keken ba. Ya ce, "Wanda bai san hanyar Damazin ba, me zai yi wa Damazin?" Aka yi ta musu har aka rufe shago. Abin da aka watse a kai shi ne, kafin mu sa biro a takarda, mu fara bincika abin da waɗannan mutane suka taɓa yi wa Sudan ɗin. Ashe labari ne mai tsawo.

Yaƙin basasa na biyu tsakanin gwamnatin Khartoum da mayaƙan SPLA na John Garang ya fara a 1983, bai ƙare ba sai 2005, kuma an ƙiyasta ya ci rai kusan miliyan 2. A farkonsa duniya ba ta damu ba. Cikin waɗanda suka fara leƙawa akwai 'yan majalisa ƙalilan daga Amurka. Frank Wolf na jihar Virginia ya shiga kudancin Sudan a 1989, ya kuma yi ta komawa. A shekarar nan dai Mickey Leland na Texas, shugaban kwamitin majalisar kan yunwa, ya hau ƙaramin jirgi a Habasha zai je sansanin Fugnido inda 'yan gudun hijirar Sudan suke, jirgin ya faɗi a kan dutse, ba wanda ya fita. Da muka karanta wannan a majalisa, telan ya tsayar da keke, ya ce to wannan kam ya san hanya.

Sai dai ɗan majalisa ba shi da soja, ba shi da ofishin jakadanci. Abin da ke hannunsa kaɗan ne: ya kira zaman jin bahasi, ya gayyato wanda abin ya shafa ya yi magana a gaban 'yan jarida, ya riƙe kuɗi ko ya sake su, ya rubuta doka da za ta ɗaure hannun shugabansa. Da waɗannan suka yi aiki. A 2001 majalisar wakilai ta amince da wani tanadi da zai hana kamfanonin da ke haƙar man Sudan neman kuɗi a kasuwar hannun jarin Amurka. An cire tanadin kafin dokar ta fito, amma hayaniyar da aka yi ta taɓa masu jari, kuma kamfanin Talisman na Kanada ya sayar da kasonsa ya fita. Dokar Zaman Lafiyar Sudan da Shugaba Bush ya sa wa hannu a Oktoban 2002 ta wajabta masa ya riƙa shaida wa majalisa duk wata shida ko ɓangarorin biyu na tattaunawa da gaskiya, in ba haka ba takunkumi ya biyo. Ta kuma ba da izinin kashe dala miliyan 100 a shekara, har shekara uku, a yankunan da ba sa hannun gwamnati. Wakili na musamman da Bush ya naɗa, John Danforth, shi ma tsohon sanata ne, kuma da sa hannunsa aka tsagaita wuta a Duwatsun Nuba a Janairun 2002.

Kada a ɗauka su suka yi sulhun. Wanda ya zauna da ɓangarorin wata da watanni a Machakos da Naivasha janar ne ɗan Kenya, Lazaro Sumbeiywo, a ƙarƙashin ƙungiyar IGAD. 'Yan majalisar nan su ne iskar da ke kaɗa wutar daga nesa. Ranar 9 ga Janairun 2005 aka sa hannu a Nairobi, yaƙin shekara 21 ya tsaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk wanda ya ce tsoma bakin na waje bai taɓa tsinana komai ba, ya je ya gaya wa matar da ta koma ƙauyenta a wannan shekara.

A Darfur kuwa abin ya fi amo, amfanin ya fi ƙaranci. A Yulin 2004 majalisar wakilai ta amince da ƙudurin Donald Payne na New Jersey, ba ko ƙuri'a ɗaya da ta ƙi, cewa abin da ke faruwa can kisan ƙare dangi ne. A Afrilun 2006 aka kama 'yan majalisa biyar suna zanga-zanga a ƙofar ofishin jakadancin Sudan da ke Washington, cikinsu har da Tom Lantos, tsoho ɗan shekara 78 wanda shi kansa ya tsira daga kisan da aka yi wa Yahudawa a Turai. Mu da ke sana'ar kalma mun daɗe a kan wannan gaɓar. An zaɓo kalma mafi nauyi da ake da ita, an faɗe ta da murya ɗaya, amma bayan shekara goma mutanen da aka faɗe ta dominsu suna nan a sansanonin Kalma da Zamzam. (Eh, sunan sansanin ke nan, Kalma. Ba mu muka raɗa ba.)

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne dalilin da ya sa suka damu tun farko. Ruwa ba ya tsami banza. Wolf da abokansa suna da coci-coci a mazaɓunsu da ke jin labarin Kiristocin kudu duk ranar Lahadi. Payne da 'yan majalisa baƙar fata labarin kame mutane ana bautar da su ne ya taɓa musu tsohon miki. Ba laifi ba ne. Tausayi ma sai ya sami ƙofa yake shiga. Amma labarin da ya iso gare su mai taurari biyu ne kawai, Balaraben arewa Musulmi azzalumi, da baƙin kudu Kirista abin zalunta. Duk wanda ya taɓa rubuta littafi ya san daɗin irin wannan labari, ya kuma san abin da yake zubarwa. Ina za a sa Yusuf Kuwa, Musulmi ɗan Nuba da ya jagoranci mayaƙan SPLA a duwatsunsu? Ina za a sa yaran da SPLA ɗin ta ɗauka aikin soja, ko kisan garin Bor na 1991 lokacin da 'yan kudun suka juya wa juna bindiga? Ina kuma za a sa Hausawa da Fulanin Maiwurno, waɗanda kakanninsu suka bi ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903? Su baƙaƙe ne kuma Musulmi, ba su shiga ɗakin farko ba, ba su shiga na biyu ba.

Yarjejeniyar ma haka ta fito. Kudu ta sami ƙuri'ar raba gardama, ta kaɗa ta a Janairun 2011, kusan kashi 99 cikin 100 suka zaɓi ɓallewa. Blue Nile da Kordofan ta Kudu kuwa aka ba su wani abu da aka kira jin ra'ayin jama'a, wanda ba a kai ƙarshensa ba. A Yunin 2011 yaƙi ya dawo Kordofan ta Kudu, a Satumba ya dawo Blue Nile. A Disamban 2013 Salva Kiir da Riek Machar suka kaure a Juba, sabuwar ƙasar da aka yi wa shagali ta afka nata yaƙin. A ganinmu masoyan kudu na majalisar Amurka sun iya tsawata wa Bashir, amma sun yi sanyin baki wajen tsawata wa nasu tun da sauran lokaci. Makaman da suka cika Blue Nile da gabar da aka bari ba a warware ba, a cikinsu dangin Baba suka wayi gari a 2022.

To, wasiƙar fa? Mun rubuta ta har sau uku. Ta farko kuka ce zalla, shafi biyu, mu ne abin tausayi, su ne miyagu. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ku ma kun yi labari mai mutum biyu." Ya tuna mana cewa matar ƙanensa 'yar ɗaya daga cikin ƙabilun nan ce da muka zaga, kuma a ɗaya ɓangaren ma an binne mutane. Muka yaga. Ta biyu ta yi ta roƙon a kawo ɗauki, ba ta faɗi wane ɗauki ba. Nan telan ya sake tambaya, "Me ke hannun mutumin nan da kuke so ya saki?" Tambayar ta ba mu wuya, domin ɗan majalisar wata ƙasa ba zai raba wa Hausa da Berta gona ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ikonsa a kan gwamnatinsa yake, da kuɗinta, da makamanta, da ƙawayenta. A ta uku muka nemi abu biyu rak: a ƙara kuɗin agaji ga waɗanda suka rasa matsuguni a jihar ba tare da tambayar ƙabilarsu ba, kuma in za a sake zaman jin bahasi kan Sudan, a gayyato mutumin Blue Nile ya yi magana da bakinsa. Wani malamin makaranta ya mayar mana da ita Turanci, muka aika ta imel ga ofisoshi huɗu. Amsa ɗaya ta dawo, irin wadda kwamfuta ke turawa da kanta.

A Oktoban 2022 rikicin ya sake tashi a Wad al-Mahi, ya fi na farko muni. Ranar 15 ga Afrilun 2023 sojojin Burhan da dakarun RSF na Hemedti suka fara yaƙin da ya haɗiye duk sauran labarai. A Nuwamban 2024 muka ji Sanata Chris Van Hollen da 'yar majalisa Sara Jacobs sun gabatar da ƙudurin dakatar da sayar wa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa makamai har sai an tabbatar ba ta taimaka wa RSF, zargin da Daular ke musantawa. Ƙudurin bai zama doka a wancan zangon majalisar ba. Duk da haka telan ya ce wannan shi ne karon farko da ya ji sun taɓa abin da ke cikin aljihunsu.

Lambar da Baba ke kira ta shiga ne a rana ta tara. Suna raye, suna cikin wata makaranta su da ɗaruruwan mutane, an ƙone gidan da rumbu biyu. Daga baya sun koma wajen Sennar, yaƙin 2023 ya sake tashinsu. Yanzu sai a yi wata biyu ba a ji su ba. In wayarsa ta yi ƙara da daddare, telan yakan ɗauke ƙafa daga keke har sai mun ga fuskar Baba.