Shafukan Da Na Yayyaga

Uwa 'yar'uwata, bari in faɗa miki wani kuskure da na tafka, ko Allah Ya sa ya hana ki yin irinsa.

Ɗana na fari yana aji huɗu na firamare na buɗe littafinsa na lissafi, na tarar bayansa cike da zanen dawakai da darbejiyar ƙofar gidanmu. Ga gajiyar aikin dare, ga sakamakon jarrabawarsa bai yi kyau ba. Na fizge shafukan na yayyaga a gabansa, na ce likita nake so ya zama, ba mai ɓata takarda ba. Bai yi kuka ba, amma daga ranar ko da'ira ban sake ganin ya zana ba.

Bayan shekara guda aiki ya kai ni wani asibiti a Saudiyya, inda da yawa daga abokan aikina 'yan ƙasar Filifin ne. Wani dare da marasa lafiya suka samu barci, na ba wata dattijuwar nas a cikinsu labarin, har da alfahari. Ta dube ni, ta ɗauko wayarta ta nuna mini wani hoto.

Zane ne mai suna Spoliarium, faɗinsa ya haura mita 7, yana nuna yadda ake jan gawarwakin waɗanda aka kashe a filin fafatawa na tsohuwar daular Rum. Juan Luna ne ya zana shi, ya ci lambar zinariya da shi a Madrid a 1884, lokacin da Sifaniya ke mulkin mallakar ƙasarsu. A gasar ce kuma ɗan ƙasarsa Félix Hidalgo ya ci ta azurfa. Mutanen da ake raina wa wayo suka yi fice a gidan mai mulkinsu. Yau zanen yana gidan tarihin ƙasa a Manila.

Ta ba ni labarin Fernando Amorsolo, mai zanen gonakin shinkafa cikin hasken rana. Yana yaro mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyarsa ta riƙe gida da ɗinkin ado, shi kuma yana zana ƙananan katuna yana kai wa wani kantin littattafai. Ba ta hana shi ba. A 1972 shi ne na farko da ƙasar ta ba matsayin gwarzon fasaha na ƙasa, a 1973 kuma aka ba mai sassaƙa Guillermo Tolentino.

Wanda ya fi sosa mini rai shi ne José Rizal, gwarzon ƙasarsu da aka harbe a 1896. Likitan ido ne, matsalar idon mahaifiyarsa ce ta ja shi ga fannin. Kuma yana zane, yana sassaƙa. Ashe alƙalamin zane ba ya korar likitanci. Ni da kullum nake dogara da ido da nutsuwar hannu wajen neman jijiyar jariri, ya aka yi ban gane haka ba?

Da na zo hutu, tsarabarsa ta farko littafin zane ce da fensura masu launi. Na zaunar da shi na ce, "Ka yafe mini, ban kyauta ba." Littafin ya yi sati biyu a ƙarƙashin filo bai taɓa shi ba. Ranar wata Asabar na tarar da darbejiyarmu a shafin farko.

Har yanzu ina bin kadin lissafinsa, ban fasa ba. Amma kafin ki ɗaga murya kan abin da kika gani a bayan littafin yaronki, ki tsaya ki tambaye shi: "Me ka zana nan?" Ki saurari amsar har ƙarshe.