Romi: A Ga Gida Da Damina Kafin A Saya

In ka haye gadar Kogin Kaduna ka nufi kudu, ka wuce Kakuri da manyan masaƙunta da suka yi shiru, sai ka iso Unguwar Romi a ƙaramar hukumar Chikun. Dā ƙasar noma ce ta Gbagyi. Ƙaramin kogin Romi yana bi ta wajen matatar mai da aka buɗe a 1980, ya ratsa gefen unguwar, kana ya zuba cikin Kogin Kaduna.

Bayan tashin hankalin 2000 da na 2002, iyalan Krista masu yawa suka baro arewacin birni suka zauna nan, da Sabon Tasha, da Gonin Gora. Gonaki suka zama gidaje. Ran Lahadi da safe za ka ji ganga da waƙa ta kowace kusurwa, kullum kuwa akwai masu neman ɗakin haya.

Saboda haka ma'aikacin da za a yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja ko Jos yakan ce, bari in sayi gida nan in zuba 'yan haya kafin in tashi. Nufin yana da kyau. Amma yaushe?

Ɗan'uwa, kada ka saya a makon ɗaure kaya. Mai gaggawa ba ya ciniki. Da rani kowane fili a Romi kyakkyawa ne. Sai a watan Agusta za ka ga inda ruwa yake kwanciya, da bangon da ya sha laima, musamman kusa da kogi. Ka tambayi maƙwabta da mai unguwa. Tun dokar 1978 ƙasar birni tana hannun gwamna, don haka ka kai takardu ofishin KADGIS a duba. Ka kuma sami amintacce, ko dattijon ikkilisiya, wanda zai karɓi kuɗin haya ya lura da gyaran rufi. Kada kuɗin makarantar yara ya shiga ciki, kuma kai da uwargida ku zama baki ɗaya.

Annabi Irmiya ma da ya sayi gona a Anatot, ya sa hannu gaban shaidu, ya sa aka ajiye takardun cikin tukunyar ƙasa. In damina ba ta same ka a Romi ba, ka tafi da kuɗinka, ka yi addu'a, ka dawo baɗi.