A Gaishe Ta Daga Bakin Ƙofa

'Yan'uwana mata, mu a birnin Zariya ba abin da muke gudu kamar a ce wance ba ta da zumunci. Mace ta komo daga asibiti, kafin la'asar ɗaki ya cika, wannan ta zauna bakin gado, waccan ta miƙa mata jariri. To, akwai magani guda wanda bai jitu da wannan hali namu ba.

A gaban wuyan kowa akwai wata 'yar tsoka, wadda in ta kumbura muke ce maƙoƙo. Abincinta aidin ne, don haka tun 1993 ake sa shi cikin gishirin ƙasan nan. In aikinta ya wuce kima, ko ciwon daji ya kama ta, likitoci sukan ba da wani aidin dabam mai fid da tururi wanda ido ba ya gani. Sai tsokar ta zuƙe shi, shi kuwa ya ƙone ciwon daga ciki. Wani likitan Amurka, Saul Hertz, shi ya fara wannan a 1941.

Yayata da ke aure a Unguwar Juma ta sha shi a Ibadan. Likita ya ce mako guda ta kwana ita kaɗai, ƙoƙonta da cokalinta dabam, ta yi ta shan ruwa, ta kuma kora bayan gida sosai, gama yawancinsa ta fitsari yake fita, kaɗan ta yawu da gumi. Abin da ya rage kuwa, kowane kwana 8 ƙarfinsa rabi yake komawa.

Ni aka sa tsaron ƙofa, na kuwa sha harara! Wata gwaggonmu ta ce, "Yau kuma kuturta ta same ta?" Na durƙusa na ce, "A'a, Gwaggo, ciwon ba a ɗauka. Maganin ne kamar murhu, na nesa ba ya jin zafinsa."

Masana suna da mudun auna wannan tururi, sunansa milisibat. Babba mai jinya an yarda ya samu har 5 a jinya guda, amma yara da 'yan dubiya kada su wuce 1 a shekara. Kada wata ta firgita, ai ko ba magani kowane mutum yakan sami wajen 2 zuwa 3 a shekara daga ƙasa da iska da abinci.

Yara ne abin ji. A 1986 da tashar nukiliya ta Canobil ta fashe a Yukren, irin wannan aidin ya sauka kan ciyawa, shanu suka ci, yara suka sha madara. Zuwa 2005 fiye da 6,000 cikinsu sun kamu da dajin tsokar nan. Saboda haka mai goyo sai ta yaye ɗanta da mako 6 kafin ta sha, ba kuwa za ta mayar da shi ga nono ba. Mai ciki ba a ba ta ko kaɗan, wadda ta sha kuma sai ta dakata wata 6 kafin ta ɗauki wani cikin.