Tambayar Kakata a Ajin Tafsiri

Mu da muka tashi a makarantar allo an koya mana duk ladubban zama gaban malami, in ban da buɗe baki. Ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, a biya maka, ka koma gefe ka yi ta maimaitawa. In Allah ya kai ka makarantar ilimi, ka ɗauko Ahalari ko Ishmawi ka ja layi ɗaya, malam ya fassara, kai kuma ka ce "na'am". Tafsirin azumi ma haka yake: mai jan baƙi ya ja, malam ya fassara, jama'a su yi kabbara, a shafa fatiha a watse. Ban raina wannan tsari ba, shi ya ba mu mahaddata da limamai. Sai dai mutum yakan shekara ashirin a cikinsa da tambaya a ƙirji bai taɓa samun ƙofar da zai fitar da ita ba.

Ina koyar da Larabci a wata makarantar Faransanci da Larabci a gundumar Tibiri, ta Arewa nake nufi, ba ta Gobir ba. Irin makarantunmu sun samo asali daga madarasar Say ta 1957, kuma a garin ne Jami'ar Musulunci ta buɗe a 1986. Amma mai iyali da aji a hannu ba zai tattara ya koma can ba, ko Yamai da ke sama da kilomita 270 daga Dogondutsi. Shi ya sa da wata kwaleji ta buɗe darasin tafsiri da ilimin Alƙur'ani daga nesa, don malaman da ke bakin aiki, na rubuta sunana.

Mu talatin da 'yan kai ne, daga Maradi, Tawa, Damagaram, Gaya da nan Arewa. Ajin yana kan WhatsApp. Ranar Asabar malam zai aiko da karatu cikin murya tare da hoton shafukan Jalalaini, ya ɗora tambaya ɗaya a kai. Kafin Talata kowa ya ba da tasa amsa, kafin Alhamis kuma kowa ya yi magana a kan amsar wani abokin karatu, ya ƙarfafa ta ko ya nuna inda ta yi rauni. Kashi ɗaya cikin uku na makin darasin yana kan wannan. Wato shiru, wanda a zauren malam ake kira ladabi, a nan faɗuwa ce.

Wahalar rezo da caji ba sai na ja ta ba, duk mai zama ƙauye ya san ta. Akwai wani tudu bayan makarantarmu, nan nake tsayawa da yamma har saƙon minti uku ya tafi.

Makon farko aka kusa yin faɗa a kan Fatiha. Wani dattijo daga wajen Gesheme ya karanta surar yadda ya taso da ita a allo, nan take wani matashi da ya fito daga Islamiyya ya ce ya ci harafi a aya ta batun ranar sakamako. Dattijon ya yi kwana biyu bai ce uffan ba. Sai malam ya shigo ya warware: dattijo da ruwayar Warshu ya karanta, wadda aka gada a ƙasashen nan namu, matashi kuma Hafsu ya sani, wadda yawancin mus'hafan da ake kawowa daga Saudiyya suke kai. Warshu ba ya jan farkon kalmar, sai ta ba da ma'anar Sarki. Hafsu yana ja, sai ta ba da ma'anar Mamallaki. Duka biyun karatu ne ingantacce. Ya ba matashin aikin nemo wurare biyar da ruwayoyin suka saɓa, ya ce kuma wajen dattijon zai nemo su. Daga ranar na lura da salon malamin nan: ba ya kashe gardama, aiki yake ba ta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne da muka iso Suratul Isra'i. Aya ta 15 tana nuna cewa Allah ba ya azabtar da mutane sai ya aiko musu da manzo. Tambayar makon ita ce wane ne wannan aya ta shafa.

Wanda ba ɗan Arewa ba zai ɗauke ta tambayar jarrabawa kawai. Mu kam ta gida ce. Ƙasarmu ƙasar Sarauniyar Lugu ce, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899, ƙasar Bauran Bagaji da 'yan bori. Musulunci bai game ƙauyukan Dallol Mawri ba sai cikin ƙarnin da ya wuce, har wata malamar jami'a a Amurka, Adeline Masquelier, ta fitar da littafi guda a 2001 a kan yadda bori ya ja baya a Dogondutsi da salla ta yi ƙarfi. Kakata ta wajen uba, daga wani ƙauye kusa da Matankari take, ta rasu ina ɗan shekara tara ba ta taɓa sa goshi a ƙasa ba. Ita ta goya ni. Ita ce kuma take dafa wa almajiran unguwa tuwo, take korar mu zuwa makarantar allo da kara a hannu. Na yi shekara talatin ina jin masu wa'azi suna jefa "azna" wuta a dunƙule, ni kuma fuskarta nake gani. Ban taɓa tambayar kowa ba. Wa zan tambaya? Limamin garinmu ya san ta, ya san ubana, kuma zauren cike yake da maƙwabta.

A waya ba wanda yake kallon idona. Na hau tudun nan na ɗauki murya sau huɗu ina gogewa, na biyar na tura. Na ce, "Allah gafarta Malam, ni tawa ba amsa ba ce, tambaya ce." Na ba da labarinta, na ce ina son sanin inda malamai suka ajiye irinta.

Amsar farko daga wani abokin karatu ta zo, gajera kuma mai zafi. Ya ce wadda ta ji kiran salla a garinsu ba ta da uzuri, ya ƙara da cewa dama an san Arawa da wannan. Na karanta, na kashe waya, na je na ba awaki dusa.

Washegari na tarar da saƙo goma sha ɗaya. Wata malama daga Kore Mai Ruwa ta rubuta cewa kakanta ma haka ya rasu. Wani daga Tawa ya ce su ma a Adar suna da irin wannan, ba Arawa kaɗai ba. Wani ya kawo bayanin Ibnu Kasir a ƙarƙashin ayar, inda ya tattaro hadisan da ke nuna cewa waɗanda saƙo bai isa gare su ba za a jarraba su ranar ƙiyama. Wani ya ce malaman Ash'ariyya, waɗanda aƙidarsu muke karantawa a littattafan tauhidin zaure, suna ganin mutanen fatara, wato waɗanda suka rayu ba manzo a tsakaninsu, sun tsira. Mai zafin nan ya dawo ya ce ai kakata ba 'yar fatara ba ce tunda akwai masallaci a garin. Wannan karon da hujja ya zo, ba da gori ba, kuma maganarsa tana da nauyi. Dole aka tsaya a kanta.

Malam bai sa baki ba sai Alhamis da dare. Ya ce tambayar da ta rage ita ce mene ne isar saƙo: jin sunan abu, ko jin sa yadda yake? Ya kawo rabon da Imam Gazali ya yi a Faisalut Tafriƙa, inda ya bambanta wanda bai taɓa ji ba, da wanda ya ji sarai ya ƙi, da wanda abin da ya iso masa gurɓataccen labari ne. Ya ce malamai hukuncin siffa suke bayarwa, hukuncin wance 'yar wane kuwa yana hannun wanda ya san abin da ya shiga kunnenta da abin da ya shiga zuciyarta. Bai ce mini tana aljanna ba, ban kuma nemi ya faɗa ba. Ya dai hana kowa a ajin ya sa ta wuta da bakinsa. Ga abokin namu kuma ya ce hujjarsa ta biyu ta ci maki, kalmarsa ta farko a kan Arawa kuwa ya janye ta gaban kowa. Ya janye.

Sai dai magana zarar bunu ce, ta waya kuma ta fi kowace. Bayan mako biyu ƙanen mahaifina ya aiko a kira ni. Wani daga cikin ajin ya tura muryata waje, ta bi hannu har ta iso kasuwar garinmu. Ya ce, "Kai yanzu mi ya kai ka tonon asirin gidanmu gaban baƙi?" Na ce, "Baba, ba tonon asiri na yi ba, uwarka na je nema wa mafita wajen masu ilimi." Na zauna na faɗa masa abin da aka ce, tun daga Ibnu Kasir har Gazali. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce in sake faɗa masa na ukun nan. Bai ce ya huce ba. Da na kai ƙara, malam ya kafa doka cewa abin da aka faɗa a aji amana ne, wanda ya fitar ya bar darasin. A ganina ranar farko ya kamata duk mai buɗe irin wannan aji ya kafa ta, kafin ya aiko da shafi ko ɗaya. Zauren malam yana da bango, ajin waya ba shi da shi sai wanda aka gina da gangan.

Matan ajin su bakwai ne, kuma yawancinsu rubutu suke yi, ba sa tura murya, wasu don mazansu ba su yarda ba, wasu don kunya. Malam ya karɓi rubutu da Larabci ko Hausa, boko ko ajami a ɗauki hotonsa. Amsoshinsu sun fi namu tsari, don mai rubutu yana tunani kafin ya sa hannu, mu masu murya kuwa wani lokaci wa'azi muke ɓarkewa da shi. Da a zaure ne, bayan labule za su zauna, ba mai jin ko tarinsu.

Wasu abokan aikina suna cewa wannan duk bidi'ar zamani ce, ilimi sai gwiwa da gwiwa. Gaskiyarsu a kan karatun Alƙur'ani, ba a gyara harafi sai baki da baki. Amma tambaya daga nesa ba yau aka fara ta ba. Shi kansa Suyuɗi, wanda ya kammala Jalalaini bayan rasuwar malaminsa Mahalli, kuma rabonsa a littafin ya tsaya daidai kan Suratul Isra'i, a 1493 wasiƙa ta iso masa Masar daga ƙasar Tukururu. Wani malami, Lamtuni, ya jero masa tambayoyi a kan al'adun mutanen ƙasarsu da suka cakuɗa Musulunci da gargajiya, ya kuwa amsa a rubuce. Raƙumi ya kai, raƙumi ya dawo da amsa. Mu tudu kawai muke hawa.

Abin da ya dame ni shi ne yadda mu manya, malamai masu aji, muka yi ta rawar murya kafin mu iya cewa "ban yarda da kai ba, ga dalilina" ba tare da zagi ba. Ba a koya mana ba. Yaranmu kuwa suna riƙe da waya tun kafin su sauke, suna jin malaman Kano da Sakkwato da Yamai suna yi wa juna raddi, kuma abin da suke kwaikwayo ke nan, don ba su ga wani salo ba. Uban da ya ce wa ɗansa "rufe mini baki" duk lokacin da ya tambayi abin addini bai kashe tambayar ba. Yaron zai kai ta wani wuri da uban bai sani ba.

A ajina yanzu na ajiye gwangwanin madara a bakin taga. Duk mai tambayar da yake jin nauyin faɗa ya rubuta ba suna ya jefa. Ranar Alhamis nakan zaro biyu, in karanta, in bar yara su fara amsawa, da sharaɗin kowa ya maimaita abin da na gabansa ya ce kafin ya ƙara nasa. Makon farko takarda uku na samu, ɗaya ma zane ne. Yanzu gwangwanin yakan cika kafin Laraba. Ta makon jiya da rubutun yarinya take, tana tambaya ko ya halatta ta ci abincin da maƙwabtansu 'yan mishan suke aiko musu ranar Kirsimeti, don uwarta takan karɓa ta yi godiya sannan ta zuba wa kaji. Na ce su nemo aya ta 5 a Suratul Ma'ida su zo da ita ranar Alhamis.